Tambaya da Amsa: Shin Ra'ayin Ɗalibai Zai Iya Gyara Koyar da Aikin Likita?

Tambaya: Ni malami ne a wata kwalejin koyon aikin likita. A ƙarshen kowane zangon karatu ana raba wa ɗalibai takarda domin su auna koyarwarmu, kuma na lura cewa malamin da ya fi raha shi ne yake samun maki mafi yawa. Shin akwai gyaran da za a iya yi da irin wannan ra'ayi?

Amsa: Likita, abin da ka lura da shi ya daɗe da damun masana. A shekarar 1973 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, inda aka ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, aka laƙaba masa suna Dokta Fox, ya gabatar da lacca mai cike da maganganu masu karo da juna a gaban ƙwararru, ciki har da likitocin ƙwaƙwalwa, amma saboda iya baki da barkwanci, akasarinsu suka yaba masa. Idan ƙwararru za su ruɗu haka, ɗalibi bai cancanci zargi ba.

A ganina, matsalar tana cikin tambayar da ake yi wa ɗalibai. Ɗalibi ba zai iya tantance ko abin da aka koya masa daidai ne ba, tun da shi ya zo nema. Amma babu wanda ya fi shi sanin sau nawa aka bar shi ya saurari bugun zuciyar majiyyaci da kansa, ko malami yana zuwa zagayen duba marasa lafiya a kan lokaci, ko kuwa ana kunyata shi a gaban majiyyata har ya daina yin tambaya. Wannan na ƙarshe, abin takaici, shi ne malamai suka fi jinkirin ganewa. Saboda haka, maimakon "Yaya ka ga darasin?", a tambaye shi wane ɓangare ne bai gane ba, kuma wane aiki ne har yanzu yake tsoron yi wa majiyyaci.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ra'ayin da aka karɓa a tsakiyar zango yana amfanar waɗanda suka ba da shi, muddin an ɓoye sunayensu, domin wanda makinsa ke hannunka ba zai faɗa maka gaskiya fuska da fuska ba.

Daga nan sai ka auna abin da suka faɗa da sakamakon jarrabawar aiki a aikace, irin ta OSCE (inda ɗalibi ke bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana nuna aikin likita ana auna shi), wadda masanin koyar da aikin likita Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975, ka kuma gayyaci abokin aiki ya zauna a darasinka. Idan ɗalibai sun yi kuka da darasin sanya allura a jijiya, jarrabawa kuma ta nuna rauni a wurin, ka sauya tsarin darasin, sannan ka sanar da ajin abin da ka sauya da abin da ka bari yadda yake, tare da dalilinka.