Amsa kan mangwaro da lemon tsakar gida kafin bazara

Assalamu alaikum. Hajiya, na saurari tambayarki, kin ce mangwaro da lemon da kika dasa da damina ganyensu ya fara lanƙwashewa, ga bazara ta ƙarato. To yanzu ne lokacin aikin, ƙarshen Fabrairun nan, tun kafin zafin Afrilu ya haura digiri 40.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗan yayyafin nan na kullum da buta a gindin bishiya. Saman ƙasa kaɗai ke jiƙa, saiwa ta tsaya nan sama, rana ta dafa ta. Ki sa a yi mata kwari a kewaye, a ɗaga bakinsa kamar kunyar gona, faɗinsa ya kai inda inuwar ganyen ke tsayawa da tsakar rana, don a nan ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suke. A zuba jarka ɗaya mai lita 25 a hankali, sau biyu a mako, da sassafe ko bayan la'asar. In zafi ya tsananta, musamman in ƙasar jigawa ce, a koma sau uku. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi a dakata tukuna, don lemo ba ya son kwanciyar ruwa, saiwarsa ruɓewa take yi.

Sai a rufe kwarin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa huɗu. Amma don Allah kar ya taɓa jikin itacen, a bar tazarar tafin hannu. In an manna shi, gara ta samu hanya ke nan, kuma ɓawon itacen ya riƙa jiƙa. Bayan kwana biyu ki ɗaga ciyawar, za ki tarar da ƙasar da sanyinta.

Taki kuwa sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji da yuriya a wannan zafin ƙone saiwa suke yi, a bari sai ruwa ya sauka. Sassabe ma a bar shi, busasshen reshe kawai za a cire, ganyen ne ke kare jikin bishiyar daga rana.

Ruwan alwala ya yi, amma ban da ruwan wanki mai omo. Af, ki kafa musu zana ta yamma, ranar azahar zuwa la'asar ta fi cin ganye. In akwai awaki a gidan, zanar ta zagaye su gaba ɗaya.