Tambayoyinku kan fasaha: na'urar gano kwanakin ɗaukar ciki

Tambayoyin wannan makon a kan abu ɗaya suka taru, wato na'urorin da mace ke gwada fitsarinta da su a gida don ta san lokacin da ƙwan haihuwarta zai fita. Na cire sunayen masu tambaya, saboda magana ce ta cikin ɗaki.

Tambaya daga Zariya: Assalamu alaikum Malam. Watana takwas da aure. Yayata ta aiko mini da na'urar Clearblue daga Ingila. Manhajar da ke wayata kullum rana ta 14 daga zuwan jini take nuna mini a matsayin ranar fitar ƙwai, ita kuwa na'urar sai a rana ta 19 ta nuna. Wacce zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki bi na'urar. Manhajar waya lissafi kawai take yi. Kin ba ta ranar da jini ya zo, ta ƙirga kwanaki, ta yi miki hasashe. Na'urar kuwa abin da jikinki ya fitar a wannan safiyar take aunawa. Maganar rana ta 14 ma ba kowace mace ta shafa ba. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka yi a kan mata 221 a Amurka, aka wallafa shi a 2000, ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai kwanakin ɗaukar cikinsu ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17. Sauran wasu kan riga, wasu kan makara. Tunda jini yakan zo kimanin mako biyu bayan fitar ƙwai, ina zaton daga al'ada zuwa al'ada kina yin kwana 32 zuwa 34. Ki duba manhajar, wataƙila har yanzu a kwana 28 take.

Ga abin da ke faruwa a cikin na'urar. Sinadarai biyu take nema a fitsari. Na farko shi ne burbushin istrojin, wato sinadarin mata, wanda yake ƙaruwa a hankali yayin da ƙwai ke nuna. Na biyu shi ne LH, sinadarin da ke sa ƙwai ya fita, wanda yake yin tashin farat ɗaya, kuma yawanci awa 24 zuwa 36 bayan tashinsa ƙwan ke fita. Idan kika jiƙa tsinken gwajin da fitsari kika zura shi a raminsa da ke jikin na'urar, wani ɗan haske da ke ciki ne zai karanta duhun layukan da ke jikin tsinken, aikin da idon mutum kan yi kuskure a kansa. Bayan kamar minti biyar sai ta rubuta ɗaya daga cikin kalmomi uku: Low idan komai a kwance yake, High idan istrojin ya fara hawa, Peak idan LH ya tashi.

Mata da yawa suna zuba wa Peak ido su yi watsi da kwanakin High, kuma nan ne babbar asara. Ƙwai bayan ya fita awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa. Maniyyi kuwa yana iya kai wa kwana biyar a jikin mace yana jira. Don haka kwanakin ɗaukar ciki kimanin shida ne, biyar kafin fitar ƙwai da ita kanta ranar, kuma mafi ƙarfinsu su ne kwana biyun da ke gab da fitar. Da zarar kin ga High, lokaci ya buɗe.

Sai ki kiyaye ƙa'idojinta. Ki saita ta a kwanakin farko na al'ada, kada ki bari har jini ya ɗauke. Tana ba da tazarar awa shida a kullum da za a yi gwajin a cikinta, kuma fitsarin farko bayan dogon barci take so. Ki zaɓi lokacin da zai haɗa da tashinki na asuba, ki tari fitsarin a ƙaramin kofi mai tsabta wanda ba ruwa a cikinsa, ki tsoma bakin tsinken na daƙiƙa 15. A watan farko daga rana ta 6 take fara neman tsinke, kuma takan ci goma ko ashirin a wata. Kada ki tsallake ranar da ta nema, domin da gwajin jiya take kwatanta na yau. Idan watan farko ya cika da High, kada hankalinki ya tashi, tana koyon jikinki ne. Allah Ya kawo rabo mai albarka.

Tambaya daga Maraɗi: Malam, matana biyu. Uwargida na da 'ya'ya uku tana son ƙari, amarya kuma shekara biyu ke nan shiru. Idan na sayi na'ura ɗaya za su iya amfani da ita tare?

Amsa: A'a Alhaji, ba za a haɗa ba. Na'urar tana ajiye bayanin watannin baya na mace ɗaya, da shi take yanke ranar da za ta nemi gwaji da kuma yadda za ta fassara shi. Idan mutum biyu suka shiga, duka biyun za ta ruɗa su. Ga kuma maganar tsabta, tunda fitsari ne.

Akwai wani lissafi da ya shafe ka wanda kamfanin bai rubuta a takardarsa ba, wato rabon kwana. Idan kwana bibbiyu kuke yi kuma mata biyu ne, ko ta yaya kwanakin nan shida suka faɗo, aƙalla dare biyu na ɗakinta zai shiga ciki, ko da ba su ne mafi ƙarfi ba. Amma a gidan mata huɗu, mace kan jira dare shida kafin girki ya dawo kanta, kuma kwanakin nata na iya wucewa gaba ɗaya a cikin wannan jiran. Haka wanda ke fatauci ko aiki a wani gari yana zuwa gida sau ɗaya a wata. Ga irin waɗannan gidaje na'urar na da amfani ƙwarai, domin tana ba da labari kwanaki kafin lokaci, a samu damar shirya tafiya, ko a nemi musayar kwana da yardar abokiyar zama.

Sai dai shekara biyu ta wuce lokacin gwaji a gida. Kuɗin na'urar gara ka kai su asibiti, kai ma a gwada maniyyinka. Haihuwar da ka yi a baya ba ta tabbatar da yadda kake a yau, kuma a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ke yi musu wuya akwai hannun matsalar namiji. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha, shi ya sa likitoci ke son a yi shi tun da wuri.

Tambaya daga Kano: Ranka ya daɗe, al'adata ba ta da tsari, wani lokaci sai ta yi wata biyu ba ta zo ba. Na'urar ta yi ta nuna High har tsinkayena suka ƙare, ban ga Peak ba. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, ina ganin na'urar lafiyarta ƙalau, ba don irin yanayinki aka ƙera ta ba. Masu ita sun ce ta dace da macen da ke yin kwana 21 zuwa 42 tsakanin al'ada da al'ada. Jinkirin wata biyu yana iya zama alamar matsalar da likitoci ke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran da ke hana ƙwai fita a kan kari, ko ta maƙoƙo, ko yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, kuma kowannensu da gwajinsa da maganinsa. A PCOS musamman, sinadaran kan yi ta hawa da sauka ba tare da ƙwai ya fita ba, wasu matan ma LH ɗinsu kullum a sama yake, sai gwaji ya riƙa ba su amsar da ba ita ba.

Wasu abubuwan ma na rikita karatun: maganin Clomid da ake ba mata don ƙwai ya fita, allurar hCG da ake yi don wannan dalilin, maganin ƙwayoyin cuta dangin tetracycline, ciwon ƙoda ko hanta, da gabatowar daina al'ada. Wadda ta yaye, ko ta yi ɓari, ko ta daina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko allurarta, ana so ta jira al'ada ta zo da kanta sau biyu a jere kafin ta fara.

Ko ga wadda take ganin Peak kowane wata, ina so a fahimci iyakar wannan fasaha. Tashin LH kamar hadari ne, yawanci idan ya haɗu ana yin ruwa, amma wata rana yakan watse. Na'urar ba ta ganin ƙwan da kansa. Abin da ke tabbatar da fitarsa shi ne gwajin jini na furojestaron, sinadarin da ke ƙaruwa bayan ƙwai ya fita, kimanin mako ɗaya kafin ranar da ake sa ran al'ada, ko bin diddigin ƙwan da sikanin. Haka kuma ba ta san komai ba game da bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Toshewar wannan bututu sakamakon ciwon sanyi da ba a magance ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari, tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka kudu da Sahara. Mace na iya ganin Peak wata goma sha biyu a jere alhali hanya a rufe take. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da na'urorin nan, kada su sa a yi ta jira a gida shekaru na tafiya. Ƙa'idar likitoci ita ce shekara ɗaya ga wadda ba ta kai 35 ba, wata shida ga wadda ta kai ko ta haura. Mai irin matsalarki kuwa ba sai ta jira ba. Ki tafi da na'urar ko ki rubuta sakamakon kowace rana a takarda, zai taimaki likita. Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Tambaya daga Kumasi: Agogon hannu da zobe masu auna zafin jiki fa? Sun fi tsafta a ganina.

Amsa: Aikinsu daban ne, 'yar'uwa. Bayan ƙwai ya fita, furojestaron na ɗaga zafin jiki da ɗan kaɗan, kamar digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Salshiyos. Wannan ƙarin zafin ne agogon Apple Watch tun daga Series 8 na 2022, da zoben Oura, suke bi. Ma'ana labarin abin da ya riga ya wuce suke ba ki, sai bayan watanni su fara hasashen na gaba. Zazzaɓin cizon sauro na kwana biyu ya isa ya ɓata karatun watan, haka rashin barci. Mai neman ciki ta fi bukatar abin da zai gaya mata kafin lokaci, wato gwajin fitsari. Akwai kuma Mira da Inito, waɗanda ke haɗuwa da waya su ba da adadin sinadarin a lamba, har da burbushin furojestaron. Kafin ki saya ki tabbatar na'urar na aiki da irin wayarki, kuma za ki riƙa samun tsinkayenta, domin kowane kamfani nasa kaɗai na'urarsa ke karɓa.

Tambaya daga Sakkwato: Na ga wata na sayar da na'urarta ta Clearblue ta hannu da araha, har da ragowar tsinkaye. In saya?

Amsa: Kamfanin bai ba da shawarar haka ba. Idan dole ce, sai an goge bayanan tsohuwar mai ita gaba ɗaya, a tsabtace ramin, a sa sabon batir. Tsinkayen kuwa ki bar mata. Yawanci ana so a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, Sakkwato kuwa a watan Afrilu takan haura 40. Ki duba ranar ƙarewar aiki, ki tabbatar ledar kowane tsinke a liƙe take, ki ajiye su a ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga. Ki yi lissafin kuɗin tsinke na wata shida tun yanzu, don a nan kuɗin yake tafiya. Idan ya yi nauyi, tsinken LH na takarda da ake samu a manyan kemis ma yana aiki, sai dai gargaɗinsa na kwana ɗaya zuwa biyu ne kawai.

Tambaya daga Jos: Zan iya amfani da na'urar don tazarar haihuwa?

Amsa: A'a. Ba don haka aka yi ta ba. Kafin ta nuna High, maniyyin kwanakin baya na iya kasancewa da rai a jiki. Manhajar Natural Cycles da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2018 don wannan aiki ma, a amfanin yau da kullum kimanin mata 7 cikin 100 na ɗaukar ciki a shekara. Ki je sashen tazarar haihuwa na asibiti a zaɓa miki abin da ya dace.

Tambaya daga Kaduna: Wa ke ganin abin da nake rubutawa a manhajar al'ada?

Amsa: Tambayarki a kan hanya take. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta tuhumi manhajar Flo da miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google, aka ƙare da sulhu. A 2023 kamfanin da ke da manhajar Premom ya amince ya biya tara kan irin wannan zargi. Don haka ki shiga saitin wayarki ki hana manhajar sanin inda kike da ganin lambobin mutanenki, ba ta bukatarsu. Kada ki yi rajista ta asusun Facebook, ki buɗe imel daban wanda ba cikakken sunanki a jiki. Ki kashe sanarwar da ke fitowa a fuskar waya idan tana kulle, musamman idan yara ko ƙanne na ɗaukar wayar. Idan za ki daina amfani da manhajar, ki goge asusun daga ciki tukuna sannan ki cire ta, domin cirewa kaɗai ba ta share abin da ke ajiye a wurin kamfanin.