Amsa: Kunna bayanan zare a GDB ba tare da an sake gina shi ba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce shirinka mai zare (thread) huɗu, wato sassan aiki huɗu da ke gudana tare, yana maƙalewa a GDB, manhajar binciko kurakuran shiri, kana tambaya ko sai ka sake gina GDB kafin ya nuna abin da ke faruwa a ciki. A'a, ana kunna bayanan zaren ana kashe su yana kan aiki.

Fara da `set debug threads on`, zai faɗa maka duk zaren da aka ƙirƙira ko aka goge. In bai isa ba, ƙara `set debug linux-nat on`. Kula, kafin GDB 12 na 2022 sunansa `set debug lin-lwp 1` ne, shi ya sa tsofaffin bayanai ke rikita mutane. Idan kuwa zaren ba sa fitowa daidai a `info threads`, ni `set debug libthread-db 1` nake fara bugawa, domin sau da yawa laburaren libthread_db, wanda GDB ke amfani da shi don ganin zare, shi ne bai dace da glibc ɗinka (babban laburaren C na Linux) ba.

Amma don Allah kada ka kunna su tun farko. Na taɓa yi a wani shago kusa da Ƙofar Ƙaura, rubutu ya yi ta kwarara kamar ruwan Agusta, wuta ta ɗauke ban karanta komai ba. Yanzu sai na tsaya dab da wurin matsalar, in sa `set logging debugredirect on` da `set logging enabled on`, komai ya tafi gdb.txt.

Turo mana layuka ashirin na ƙarshe mu duba tare.