Tambayi Bakanike: baƙin mai na yoyo ta wajen kebur ɗin agogo

TAMBAYA: Salam Oga, Allah ya ƙara basira. Ina da tsohon babur Honda CB350 mai silinda biyu, na babanmu ne na tada shi, yana tafiya lafiya lau amma fa duk na yi 'yar tafiya sai in ga baƙin mai ya jiƙa gefen injin ta sama, daidai inda kebur ɗin agogon nan mai nuna juyin inji yake shiga, har yana fallatsar min wando. Wani bakanike ya ce wai gaskit ɗin hed ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da silinda, sai an sauke injin, ni kuma kuɗin da ya faɗa ya tsorata ni. Don Allah mene ne mafita? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bari a sauke maka inji tukuna, in dai daga bakin kebur ɗin man ke fitowa to wata 'yar roba ce da ba ta fi maɓallin riga ba ta gaji.

Ga yadda abin yake. CB350 ɗin nan Honda ta yi shi tsakanin 1968 da 1973, kuma babura na wancan zamanin agogon juyin injinsu ba da wuta yake aiki ba irin na yanzu, a ƙarshen kamshaf, wato sandar da ke juyawa a saman inji tana buɗe bawul, akwai wasu haƙora da ke juya wani ɗan ƙaramin giya, shi kuma giyan ya juya wayar da ke cikin kebur, wayar ta je ta motsa allurar agogo. To wannan giyan cikin mai yake iyo, abin da ya tare man kar ya biyo waje shi ne oyil sil, wato 'yar robar nan da na ce, guda ɗaya tal da ke zaune a cikin ramin da kebur ke shiga. Robar da ta haura shekara 50 tana shan zafin inji ai dole ta bushe ta tsage.

Amma ka fara tabbatarwa. Wanke wajen tas da kananzir, ya bushe, ka barbaɗa hoda ta yara, ka tada injin ka ɗan zaga unguwa. Inda hodar ta fara jiƙewa nan ne mai laifin. Baƙin mai gangarowa yake kuma iska na kora shi baya, shi ya sa ake yawan ɗora wa gaskit laifin da ba nasa ba.

In ka tabbatar nan ne, sukuru ɗaya ne ke riƙe da kebur ɗin, kuma wallahi shi ne wahalar aikin gaba ɗaya. Sukurorin tsofaffin baburan Japan kansu ba daidai yake da sukundireba mai sita da muka saba da ita ba, kana matsawa sai ta zame ta cinye kan. Ka zuba masa ɗan mai ya kwana, ka samu sukundirebar nan da ake buga wa guduma, bugu ɗaya biyu zai saki. Kana cire shi sai ka zaro kebur ɗin, ka haska tocila cikin ramin, za ka hango sil ɗin zagaye da bakin giyan. Ka samu siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki ka ƙwaƙulo shi, ko ka ɗaura siririn sukurun katako a jikin robar ka ja da filaya. A hankali fa, don ramin alminiyam ne, in ka karce shi ko ka karce sandar giyan to ko sabon sil ka sa zai ci gaba da zuba.

Tsohon da ka ciro kar ka yar, ka tafi da shi kasuwar Panteka ko wajen masu sayar da sil da boris a auna maka, sau da yawa lambar girmansa tana rubuce a jiki in ba ta goge ba. Kar ka yarda da “wannan ma zai yi”. Wajen sawa ka shafa masa baƙin mai, gefen da ke buɗe mai leɓen ya kalli cikin inji, ka ɗora ƙaramin soket daidai faɗinsa ka dinga ƙwanƙwasawa kaɗan kaɗan har ya zauna a miƙe. Kebur ɗin kuma in ya ƙi shiga kar ka danna da ƙarfi, ka ɗan juya wayar ciki har bakinta ya dace da na giyan, sai ka ji ya faɗa da kansa.

Gam kuwa ni ban yarda da shi a nan ba, na san ana lafta shi kuma yakan riƙe na ɗan lokaci, amma in guntunsa ya ɓalle ya shiga hanyar mai fa? Kamshaf ɗin injin nan a kan alminiyam tsurarsa yake juyawa ba boris, mai ya yanke masa na ɗan lokaci ka shiga neman kayan da sai an sha wuya ake samu.

Masu Suzuki GS da Kawasaki KZ na shekarun 1970 ku kuma naku giyan a cikin wani ɗan kwaroro yake da ake zaro shi gaba ɗaya, akwai sil a ciki akwai zoben roba a waje, ku canza duka biyun lokaci guda.

In ka sa sabo bayan sati biyu ya dawo da yoyo, duba tiyon da injin ke numfashi ta shi, in ya toshe ko ya lanƙwashe iskar ciki ce ke turo man ta duk inda ta samu rauni, haka ma in ringin fistin sun cinye. Kafin ka samu sil ɗin dai ka dinga duba gejin baƙin mai kullum da safe kafin ka tada shi.