Randar da aka tono a tudun mutanen Sao: rikazi ce?

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, muna haƙar ƙasar bulo a gefen wani tudu kusa da Kuseri a Kamaru, sai diga ta bugi ƙatuwar randa, an kife ta da wata. A ciki akwai ƙasusuwan mutum da duwatsun wuya da 'yan mutum-mutumi na yumɓu. Wani dillali daga Injamena ya yi mini tayi mai tsoka. Ya halatta in sayar, in fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar?

AMSA: Bismillahi. Ɗan'uwa, kabari ka buɗe. Haka mutanen Sao suke binne mamatansu, cikin randuna, kuma tuddan da ke Gawi da Makari da Gulfe kufayinsu ne. Kotoko, maƙwabtanku Musulmi, kakanni suke kiran su.

Gaskiya ne Annabi (SAW) ya ce a cikin rikazi, wato dukiyar mutanen dā da aka samu a binne, akwai humusi, kuma Anas ya ruwaito cewa an tone kaburburan mushirikai a filin da aka gina masallacin Madina. Amma wancan buƙata ce ta al'umma, da umarnin shugaba. Tonon neman dukiya kuwa Imamu Malik ya karhanta shi, Halil ma ya kawo haka a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya. Gawa kuma tana da alfarma ko ta wane ce: gawar Bayahude aka wuce da ita Annabi ya miƙe tsaye, da aka yi magana ya ce ashe ba rai ba ce?

Sannan Kamaru ta yi dokar kare kayan tarihi a 2013, biyayya ga mahukunta a abin da ba saɓo ba kuwa wajibi ce. Da wannan doka, karhancin ya kai ga hani. Mutum-mutumin ma, hadisin Jabir ya haramta cinikin gumaka. Na san talauci ya yi yawa, amma dillalin nan zai ba ka kuɗin buhun gero, kayan su ƙare a Faransa.

Kada kuma ka farfasa su da sunan kishin addini. Ba mai bauta musu yau, kuma Sahabbai sun ci Masar da yaƙi suka bar dalolin Fir'auna a tsaye. Allah ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata. Me za a gani idan an rushe? Yanka ko roƙo a tudun dai shi ne shirka.

Mayar da ƙasusuwan, ka rufe ramin, ka sanar da bulama ya kai maganar fada, ka nemi ƙasar bulo a wani wuri. Bulon da ka riga ka buga halal ne. Wallahu a'alamu.