Me ya sa Alhamis ta fita daban a harshen Airish?

Tambaya: Na fara koyon harshen Airish na ƙasar Ailan. Kowace rana sai na ga an sa mata "Dé" a gaba: Dé Luain, Dé Máirt, Dé Céadaoin. Alhamis kuwa "Déardaoin" ce, kalma guda. Kuskuren bugawa ne?

Amsa: Ba kuskure ba ne. "Dé" ɗin yana nan, ya dai narke ne a cikin kalmar.

Ranaku huɗu sunayensu aro ne daga Latin: Litinin (Luan, ranar wata), Talata (Máirt), Asabar (Satharn) da Lahadi (Domhnach, ranar Ubangiji). Sauran ukun kuwa azumi ne ya raɗa musu suna. Kiristanci ya kafu a Ailan a ƙarni na 5, kuma Kiristocin farko suna azumtar Laraba da Juma'a kowane mako. Kalmar "aoine" ma'anarta azumi, tushenta "ieiunium" na Latin. Sai Juma'a ta zama Aoine kawai, wato Azumi. Laraba ta zama Céadaoin: "céad" (na farko) haɗe da "aoine", azumin farko. Ita Alhamis da ta faɗo tsakaninsu aka kira ta ranar da ke tsakanin azumi biyu. A Airish na yau za a ce "idir dhá aoine". Baki ya yi ta taune tsohuwar sigar jimlar tare da "Dé" na gabanta har ta dunƙule ta zama Déardaoin. A harshen Gelik na Sikotilan ma Diardaoin ake cewa.

"Dé" kansa daga tsohuwar kalma "dia" ya fito, ma'ana rana, shi ya sa sunan da ke biye da shi kan ɗauki sigar mallaka: Luan ya koma Dé Luain, Satharn ya koma Dé Sathairn, Domhnach ya koma Dé Domhnaigh. Aoine da ta fara da wasali ana maƙala mata ƙaramin h: Dé hAoine. To wanda ya ce "Dé Déardaoin" ya ce "ranar ranar" ke nan, kuma wannan kuskure ne da masu koyo kan yi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don "al" na Larabci haka ya manne a jikin Alhamis har ba ma jin sa a matsayin wani abu daban.

Inda ya kamata ka fi sa ido shi ne wurin amfani. In Alhamis guda kake nufi, kalmar ita kaɗai ta isa, ba a sa mata komai a gaba: "Beidh mé ann Déardaoin", zan kasance a can ranar Alhamis. Mai zuwa ita ce "Déardaoin seo chugainn", wadda ta wuce "Déardaoin seo caite". In kuwa abu ne na duk Alhamis, sai ka ce "ar an Déardaoin". A nan harafin d ba ya canzawa a daidaitaccen rubutu, saɓanin Laraba da ke zama "ar an gCéadaoin". A yankin Munster, a kudancin Ailan, za ka ji "ar an nDéardaoin". Karin harshensu ne, kada ka ɗauka kuskure suka yi.

Wurin furuci, "aoi" dogon "i" ne: kusan "deer-diin", ka ja wasulan biyu.