Buɗe gashin ka ga fata kafin ka ɗauko kwalba

Ka tambaye ni wane shamfu ko wane mai za ka riƙa ba mutumin da ya zo da ƙaiƙayin kai da amosani, wai in faɗa maka sunan wanda ya fi kyau ka haddace. Yaro, tambayar ba ta yi ba. Ko kan ba ka gani ba tukuna, har kana neman sunan kwalba. Haka kuke, yaran yanzu. Sana'ar da muka ci wuya muka tara, ku so a dunƙule muku ita a kalma ɗaya, don kun saba ganin wani a bidiyon waya ya ɗaga kwalba yana cewa ga maganin kowane kai. Ajiye wayar nan ka saurara.

Ba zan ɓata yawuna kan yadda ake wanke kai da ɗauraye kumfa da tsabtace kilifa da mataji ba. Wanda bai san wannan ba, ba shi da hurumin tsayawa bayan kujera. Zan gaya maka abin da ya ci mini dukiya, ya kusa cin sunana.

Wani mutum ne, dattijo a ido, mai shiga ta kamala, ba ya cikin masu zuwa wurina kullum. Ya shigo da yamma yana sosa kai, ya ce amosani ya dame shi, in wanke masa in shafa mai. Gashinsa baƙi ƙirin, baƙin da bai yi daidai da shekarunsa ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, an yi rini kwanan nan?" Ya rantse mini rini bai taɓa hawa kansa ba, wai rashin furfura gadon gidansu ne. Na buɗe gashin, na ga fata ta ɗan yi ja a bakin goshi da bayan kunne. Na sake tambaya. Sai ya ɓata rai, ya ce ko maƙaryaci na mai da shi ne. Babba ya rantse a gabanka, me za ka ƙara? Na wanke masa da shamfu mai sauƙi, wanda na wanke kawuna ba adadi da shi ba a taɓa kawo mini ƙara ba, na shafa mai kaɗan, ya biya ya tafi.

Washegari da hantsi, shago cike da mutane, sai ga shi an riƙo shi. Fuska ta kumbura suntum, ido ya rufe, kai yana tsatsar ruwa. 'Yan uwansa suka tsaya a bakin ƙofa suna ɗaga murya, wai na shafa masa guba. Na ɗauko kwalbar na nuna, na zuba a hannuna, na shafa a kaina a gabansu. Wa zai saurare ni? Fuskar mutum tana gaban kowa, ni kuwa baki kawai gare ni. Wanda ke kan kujera an yi masa rabin aski ya tashi ya fice.

Aka zauna sulhu, aka ce in biya kuɗin asibiti. Na biya. Aka ce in ƙara da na kwanakin da bai fita nema ba. Na ƙara. Kuɗin da na daɗe ina tarawa don sabuwar kujera da kilifu ne suka tafi gaba ɗaya. Amma abin da ya fi ci mini rai, iyaye suka daina kawo mini yaransu. Mutanen da na yi wa aski tun ba su da gemu suka riƙa sauya hanya. Na daɗe ina buɗe shago in zauna ni da madubi.

Sai bayan an kwana biyu ƙaninsa, da abin ya tsaya masa a rai, ya zo ya gaya mini gaskiya. Mutumin nan ya sayi baƙin rini ya shafa da hannunsa a ɗaki, kwana biyu kafin ya zo wurina, don ba ya so a san ya yi furfura. Likita ya gaya masa ƙarara rinin ne ya yi masa haka. Ke nan lokacin da ya miƙa hannu ya karɓi kuɗina, ya san ba ni da laifi. Har yau bai dawo mini da ko sisi ba, bai kuma tsaya a bakin ƙofar da aka ci mutuncina ya wanke ni ba. Ban yafe ba, kada kuma ka zo mini da maganar haƙuri.

Ga abin da ya kumbura masa fuska. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da haruffa uku, PPD, kuma gwargwadon duhun rinin, gwargwadon yawansa. Idan jiki ya ƙi shi, ba nan take yake nunawa ba, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa laifin yake faɗawa kan hannun da ya taɓa kan daga ƙarshe. Mutum yana iya shekaru yana rini lafiya lau, rana ɗaya jiki ya juya masa, kuma in ya juya ya juya ke nan. Dalilin da ya sa ake ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu a jira awa 48 ke nan. Mai gaggawa ya ce ba zai jira ba, ka nuna masa ƙofa. Ni tun daga ranar, fatar da ta yi ja, ko ta kumbura, ko take ruwa, ko ruwan sanyi ba na zuba mata. Wurin likita nake tura mai ita, ko da ya rantse da abin da zai rantse.

To, in ka buɗe gashi ka ga amosanin gaske ne, sai a yi maganar kwalba. Ka bambance shi da bushewar fata. Busasshiyar fata garinta ƙanana ne, farare, suna kakkaɓuwa. Sabulu mai kaifi ko ruwan zafi ko yawan wanki ne sukan jawo ta, sai a sassauta. Amosani kuwa ɓawonsa ya fi girma, yana da maiƙo, wani lokaci ya yi ɗorawa-ɗorawa. Wata ƙwayar naman gwari ce, Malasiziya, take haddasa shi. Tana kan kowa, da ni da kai, maiƙon fata take ci, a kan wasu ne take yin yawa ta tayar da fata. Yanzu ka gane wautar masu lafta mai a kan amosani? Ɓawon ya kwanta na yini ɗaya, su ce ya warke, alhali abinci suka ƙara mata.

Juya kwalba ka karanta bayanta. Ƙamshi da hoton gaba ba su ne aikin ba. Ka nemi ketokonazol, ana yin sa kashi 1 ko 2 cikin 100, ko seleniyom salfaid, kashi 1 ko 2.5. Wannan na biyun yana iya sauya launin furfura da gashin da aka rina, ka faɗa wa mutum tun kafin ya saya. In ɓawon ya yi kauri ya manne, mai salisilik asid yana sassauta shi. Akwai kuma zinki pirithayon da aka daɗe ana sa wa a shamfun amosani, amma Tarayyar Turai ta hana shi a kayan kwalliya tun 2022, saboda haka kada ka yi mamaki in kwalbar da ka sani ta sauya haɗi. Kowanne ka zaɓa, a fata ake murza shi, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a mako, na mako 2 zuwa 4. Ku kuwa kumfa na tashi kun kwarara ruwa, sannan ku ce magani ba ya aiki. Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin rabuwa da amosani har abada. Yana dawowa, shi ya sa ake ci gaba da wanki sau ɗaya a mako ko mako biyu.

In ka ga wuri ya zagaye, gashi ya kakkarye a gindi, musamman a kan yaro, makero ne. Yana cikin saiwar gashi, shamfu kaɗai ba ya kai masa, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta. Kilifarka kuma ita ce za ta kai shi kan yaro na gaba. Kada in ga ka matsa wa kowa waɗannan mayukan kashe ƙaiƙayi masu ƙarfi irin su kulobetasol. Suna kwantar da ƙaiƙayi a kwana biyu, su ɓoye cutar tana ci a ƙasa, su kuma siranta fata.

Man miƙar da gashi ma haka. Ma'aunin tsami da kanwa yana nuna fatar kai wajen 5.5, shi kuwa man yana kai 12 ko ya wuce, wato can ɓangaren kanwa mai kaifi, har wanda aka rubuta wa mai sauƙi. Kan da aka sosa jiya, in ka ɗora masa shi yau, ƙuna ce. Masu sayar da man tsiro da gashi a mako guda kuwa, ko amsa ba su cancanta ba. Gashi wajen santimita ɗaya yake yi a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne.

Gobe in wani ya zauna yana sosa kai, ka tambaye shi me ya shafa a makon nan, ya yi rini, ya taɓa kumbura. Ka tambaya da ƙarfi yadda masu jiran layi za su ji amsarsa. Sannan ka kira ni in ga fatar da idona kafin ka jiƙa ta.